Ƙofar Tantinmu Tana Kallon Yamma

Litinin: daga Hayyus-Sabi' zuwa Abbasiya

Ƙarfe shida saura kwata na asuba muka rufe ƙofa, ni da uwargidana Hajiya Kande. Gari bai waye ba, sanyin ƙarshen Janairu kuwa yana shiga har cikin haƙori. Ga waɗanda suka manta da ni a gida, ni ne Ɗanladi na Kazaure, wanda ya yi aji uku ya gaji, ya koma gona, daga baya ya bi mota. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna zaune a Alƙahira, a unguwar Hayyus-Sabi', a hawa na shida, muna sayar wa ɗalibai tuwo. Hajiya ke tuƙawa, ni nake ɗanɗanawa ina karɓar yabo.

Duk shekara idan aka yi hutun tsakiyar shekara, ɗalibai suka watse, mukan ɗauki tanti mu tafi Wadi Digla. Wani busasshen kwari ne tsakanin duwatsu, a bayan unguwar Ma'adi. Can muke kwana biyu. Hajiya ce ta ƙago abin. Ta ce ita ba tantabara ba ce da za ta shekara a sama, tana son ta taka ƙasa da ƙafarta, ta ɗora tukunya a kan duwatsu uku. Ta shekarar 2014 ita ce tafiya ta shida.

Sai dai wannan karon da tsoro muka fita. Hajiya tana da ciwon fuka, kuma wata guda kafin nan ta kwana uku a asibiti. Likita ya ja mana kunne: kada sanyi ya kama ta, kada kuma ta zauna da jiƙaƙƙen kaya ko na minti biyar. Ɗanmu Nura ya ce a fasa. Hajiya ta ce idan aka fasa, baƙin ciki ne zai kwantar da ita ba fuka ba. Ni kuma na buga ƙirji a gabansu na ce, "Ku bar min wannan. Ɗigo ɗaya ba zai taɓa ta ba."

A ƙasa muka tarar da Ammu Sayyid, Bamisiren da ke kai mu kowace shekara a ƙaramar bas ɗinsa, gine ɗari biyu na kuɗin Masar zuwa da dawowa. Yana ɗaure tanti a saman mota ya ce, "Ya Haj, ka saurari rediyo? Sun ce akwai ruwa gobe."

Na ce, "Ruwa da rani? Ammu, ɗaura igiyarka, yalla mu tafi."

Hajiya ta yi tari sau uku kafin mu fita layinmu. Na yi kamar ban ji ba, amma na ƙirga.

Shida da kwata muna Abbasiya, inda Nura yake haya da matarsa Hafsa. Hafsa Bahaushiyar Sudan ce, amma a nan Alƙahira aka haife ta. Shekara biyu da aurensu, ban taɓa ganin tsakiyar idonta ba. Idan za ta faɗa min abinci ya nuna, sai ta faɗa wa Hajiya, Hajiya ta faɗa min, alhali ina zaune a wurin. Muka sayi gurasa da ful da ta'amiya, wato dafaffen wake da ƙosan Misirawa, na gine goma sha biyu a bakin hanya. Muna ci a mota Nura ya miƙo min wayarsa.

"Baba, duba. Gobe Talata. Ga gajimare, ga ɗigo a ƙarƙashinsa."

Na ce, "Wayar nan ta taɓa noma?"

"Ba ta taɓa ba, Baba."

"To ni na yi damina ashirin da biyu a gona. Mayar da ita aljihu."

Shingen Otostirad

Bakwai da minti goma, muna kan babban titin Otostirad, mun wuce tsohuwar fadar Ƙal'a kaɗan, muka tarar da shingen jami'an tsaro. A shekarun nan ba a son ganin tanti a kan mota a cikin Alƙahira, saboda masu zanga-zanga da ke kafa tanti su zauna a dandali. Wani jami'i ya sa muka gangara gefe. Ya duba fasfo da iƙamar kowa, ya sa aka sauko da sandunan ƙarfen tantin, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Wane dandali za ku je ku zauna?"

Na ce da guntun Larabcina, "Dandalin duwatsu, ranka ya daɗe. Tsohuwata ke son dafa tuwo."

Ya leƙa mota ya ga Hajiya rungume da muciya da tulin kuka a leda. Ya shinshina kukar, ya yi atishawa, ya ce mu tafi. Minti ashirin muka yi a wurin, ƙofar mota a buɗe. Da muka tashi na ji numfashin Hajiya ya soma ɗan fito a ƙasa-ƙasa. Ta zaro maganin shaƙarta, wanda Misirawa ke kira bahaha, ta fesa sau biyu, ta harare ni. "Kalli gabanka, Malam."

Ƙofar wadi

Takwas saura minti goma muka iso. Daga Abbasiya bai fi kilomita ashirin da biyar ba. Mai gadin ƙofa wani dattijo ne da rawani da bargo a kafaɗa. Muka biya kuɗin shiga da na kwana, ya rubuta sunayenmu. Sannan ya ce, "Ya Haj, idan za ku kafa, ku hau sama kaɗan. Kada ku kafa a gindin kwari. Sararin nan bai yi min ba."

Na juya na dubi gabas. Fes, kamar an wanke faranti. Ku mutanen gida kun san ba a neman hadari a wani wuri sai gabas. Can yake haɗuwa, can yake baƙi, daga can iska ke kawo shi. Na gode wa dattijon, a raina ina cewa mutumin da ke ganin ruwa sau biyu a shekara ne zai koya min hadari.

Kilomita huɗu muka yi cikin kwarin, a kan hanyar tsakuwa, har wurin da muka saba. Ammu Sayyid ya sauke mu, ya ce sai Laraba da azahar. Da ƙarar motarsa ta ɓace, wurin ya yi tsit. Waya ba ta kamawa a ciki, sai mutum ya hau kan dutse, can ma sai an yi sa'a.

Kafa tanti

Tantinmu tsohon tamfol ne mai kauri, na saye shi a kasuwar Juma'a, yana cin mutum shida. Na zaɓi rairayin tsakiyar kwari, domin turke yana shiga ba wahala, kuma bayan tsoho yana son laushi. Sannan na juya ƙofa ta kalli yamma. Haka ƙofar ɗakin mahaifina take, haka ta kakana, haka ta kowane ɗaki da aka gina da hankali a garinmu: ka ba gabas baya, ruwa ya doki bango, ƙofa ta tsira. Shekara biyar haka nake kafawa, ba abin da ya faru. Ban taɓa lura cewa a shekara biyar ɗin ba a yi ruwa ko sau ɗaya ba.

Ina buga turke na ga Hafsa ta sunkuya tana yi wa Hajiya raɗa. Hajiya ta ɗago.

"Malam, wai yarinyar nan ta ce ko za a juya ƙofar."

"A juya ta ina?"

"Wai gabas."

Na yi dariya har guduma ta faɗi. Na ce, "Ki ce mata na gode. Idan na juya ƙofa gabas, mahaifina zai ji a kabari." Hafsa ta ja mayafi ta koma wajen tukunya. Nura ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe.

Ranar kam ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Hajiya ta cire takalmi ta taka rairayi, ta haɗa duwatsu uku ta zuba gawayi. Tuwon masara da miyar kuka muka ci, hayaƙi ya shiga cikinsa yadda take so. Da la'asar iska ta soma kaɗawa tana shigowa tanti kai tsaye. Na lura da haka, na ce iskar gari ce kawai. Muka kwanta da wuri, an lulluɓe Hajiya da bargo uku. Ta yi barci. Ni ban yi sosai ba.

Talata

Da asuba na fito na dubi gabas. Ja-ja, ba ko tsinken gajimare. Na koma na yi musu albishir. Muka sha shayi. Wajen goma da rabi ina zaune a bayan tanti, fuskata gabas, ina yanke farce, sai na ga inuwata ta ɓace daga ƙasa. Nura ya ce, "Baba, waiwaya."

Na waiwaya. Jama'a, duk yamma ta zama baƙi ƙirin, daga kan dutsen hagu zuwa na dama, tana tahowa ta cikin kwarin kamar an buɗe mata hanya. Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan, amma daga tsakanin benaye mutum ba ya sanin inda ruwa ya fito, kawai zai ga titi ya jiƙe. Ban gama cewa innalillahi ba iska ta iso.

Ta ƙofa ta shiga. Tantin ya kumbura kamar buhun da aka hura, turke biyu na gaba suka tashi. Ruwan ba daga sama yake saukowa ba, a kwance yake zuwa, da ƙanƙara ƙanana a cikinsa. Hajiya tana zaune daidai bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Kafin mu ja ta ciki, zanenta da rigar sanyinta sun jiƙe sharkaf. Katifu, barguna, jakar kaya, gawayi, duk suna layin ƙofa. Cikin minti biyar ba sauran busasshen abu a tantin sai rigar da ke jikina ta ciki da bargo ɗaya da Hafsa ta danne da cikinta.

Hajiya ta soma tari. Daga tari sai fito, irin wanda na sani, mai kama da kukan ƙaramar mage. Ta fesa bahaha, amma numfashin da za ta ja maganin da shi babu. Na ga tururin yana fitowa ta gefen bakinta.

Nura ya hau dutse da rarrafe, ya ɗaga waya sama, ya sauko. "Ba ta kamawa. Zan tafi ƙofa da gudu."

"Kilomita huɗu, a cikin wannan?"

"To me za mu jira, Baba?"

Bai taɓa yi min magana da wannan murya ba. Sha ɗaya saura minti biyar ya tafi, kansa a sunkuye, iska tana tura shi baya.

Na tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwa da babbar riga, wai ina tare ruwa. Tsoho mai shekara sittin da huɗu ya zama labule. Ruwan yana wucewa ta hammatata yana sauka a kan matata. A nan ne na ji an kama hannun rigata. Hafsa ce. Ta dube ni tsakiyar ido.

"Baba, ka yi haƙuri. Ruwan ƙasar nan daga yamma yake zuwa, daga wajen teku. Tun ina ƙarama haka yake. Kuma nan da muke hanyar ruwa ce. Mu cire turakun mu hau can." Ta nuna wani tudu a ƙarƙashin dutse, kamar taku talatin daga inda muke.

Na ce, "Faɗi abin da zan yi, 'yata."

Ita ta ba da umarni, ni na bi. Muka fara kai Hajiya, ɗaya a kowane gefe, tana taku biyar tana tsayawa. Muka zaunar da ita a jikin dutse. Muka dawo muka tumɓuke turakun, muka ja tamfol ɗin da ya sha ruwa ya yi nauyin saniya. Turke ba ya shiga dutse, sai muka danne gefuna da manyan duwatsu, muka tokare da sanda biyu. Ƙofa ta kalli gabas. Da na shiga ciki na ji iska tana dukan bayan tantin ba ta samun hanya, kunya ta rufe ni fiye da sanyi.

Hafsa ta cire wa Hajiya jiƙaƙƙun kaya, ni na ba su baya na tuɓe rigata ta ciki na miƙa. Aka naɗe ta da busasshen bargon nan. Sannan Hafsa ta zubar da ruwan wata gorar roba, ta huda gindinta da wuƙa, ta cusa bakin bahaha a ramin, ta sa wa Hajiya bakin gorar. Ta ce haka ta ga an yi wa wani yaro a asibiti. Maganin yana tsayawa a cikin gora, mai ciwo yana ja kaɗan-kaɗan. "Umma, a hankali. Ja. Sake ja."

Na tsuguna ina riƙe da ƙafafunta ina murzawa, sun yi sanyi kamar ƙarfe. Leɓenta ya canza launi. Ba ta iya haɗa kalma biyu. Na ce, "Hajiya, ki zage ni mana." Ta buɗe ido ta dube ni, ta rufe. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa neman zagi na rasa ba sai ranar.

Sha biyu saura kwata na ji wata ƙara daban, ba ta iska ba. Na leƙa. Ruwa ne ja, yana gangarowa ta tsakiyar kwari, da kumfa da ledoji a kansa. Ya bi ta daidai inda muka kwana. Na ga katifa ɗaya ta juya a hankali ta bi shi, sai kwanon shinkafa, sai takalmina ƙafa ɗaya. Duwatsu ukun murhu suka nutse. Ban faɗa wa Hajiya ba. Na duba agogo, na duba hanyar da Nura ya bi, na sake duba agogo. Idan ruwan nan ya tarar da shi a wurin da kwarin ya matse fa? Sai na rasa wanda zan fi jin tsoro a kansa.

Fita

Sha biyu da rabi da minti biyar muka ji hon. Wata doguwar motar masu gadi ce, dattijon jiya a gaba, Nura a baya tsaye, laka har ƙirji. Ba su iya ƙarasowa gefenmu ba, suka tsaya a ɗaya gaɓar. Tsakaninmu ruwa ne kamar taku goma sha biyar, ya kai ƙwauri, yana ja.

Nura ya tsallako ya durƙusa zai goyi uwarsa. Ta girgiza kai. Ya roƙe ta, ta sake girgizawa. Hajiya ba za ta hau bayan ɗan da ta haifa a gaban baƙi ba ko da me ake ciki, na san halinta. Ta ɗaga yatsa ta nuna ni.

Na durƙusa. Suka ɗora min ita, Hafsa ta ɗaure mu da mayafinta kamar goyo, Nura ya riƙe ƙuguna, muka shiga ruwa ba takalmi. Ƙirjinta yana manne da bayana, ina jin fiton yana shiga ƙashina. A tsakiya dutse ya gurɗe a ƙarƙashin ƙafata, na kai gwiwa ɗaya ƙasa, ruwa ya kawo min ciki. Na ji yatsunta sun shaƙe wuyana. Na ce, "Ban yar da ke ba, Hajiya, ruku'u na yi." Nura ya ɗaga ni. Dattijon ya miƙo hannu ya karɓe ta, ya cire bargon kafaɗarsa ya ƙara mata. Bai ce min ai na gaya maka ba. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Minti ashirin da biyar muka yi zuwa ƙofa. Ammu Sayyid yana can, ya taho tun kafin a kira shi, da ya ga yadda gari ya yi. Ya kunna abin ɗumama mota har ƙarshe. Titunan Ma'adi duk sun cika da ruwa, motoci sun mutu a ƙarƙashin gada, shi kuwa yana hawa gefen titi yana leƙo kai yana ihu, "Mara lafiya! Hanya!" Tafiyar minti goma ta ci mana arba'in.

Asibiti

Biyu saura muka shiga wani asibiti a Ma'adi. Suka sa mata abin rufe hanci da baki mai fitar da tururi, suka yi mata allura. Likitar wata yarinya ce da ba ta kai Nura ba. Ta saurari ƙirjin ta ce, "Wa ya kai mai fuka cikin wadi a rana irin ta yau?" Nura ya dubi ƙasa. Hafsa ta dubi ƙasa. Ni na ɗaga hannu, kamar yadda na tuna ana yi a aji uku. Na tsaya a gabanta da babbar riga jiƙaƙƙiya, ba rigar ciki, ba takalmi, ta yi min faɗa da Larabci mai sauri. Rabi na gane, kuma rabin ya isa.

Sau biyu aka sa mata tururin. Ina zaune a benci a waje ina kallon ƙafafuna. Wajen huɗu da rabi Hafsa ta fito, ta koma sunkuyar da kai kamar da, ta ce wa Nura, "Ka gaya wa Baba, Umma tana kiransa." Na shiga. Hajiya ta janye abin hancin ta ce da dasasshiyar murya, "Malam, kai ko kunya ba ka ji, kana yawo a asibitin mutane ba takalmi kamar mahaukaci?" Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗinta ba.

Gida

Bayan magariba aka sallame mu, da magani leda guda. Bakwai da rabi muka iso Hayyus-Sabi'. Tantin yana can a kan tudu, masu gadi sun ce in je in ɗauka idan ƙasa ta bushe.

Washegari na kai mata kunu har gado, na ce, "Hajiya, halas. Tafiyar wadi ta ƙare daga bana."

Ta ce, "In ji wa? Ƙirjinka ne ko nawa? Za mu je, amma sai gari ya yi ɗumi. Kuma Hafsa ce za ta ce ga inda za a kafa. Kai ka riƙe guduma."

Na ce to.

Ina godiya ga Allah da ya mayar da mu mu huɗu. Ina godiya ga dattijon ƙofa wanda ban ma tambayi sunansa ba, da Ammu Sayyid, da likitar da ta wanke ni tas. Ita kuwa Hafsa, na rasa yadda zan gode mata ido da ido, sai na faɗa wa Hajiya ta faɗa mata.

Yanzu da nake wannan rubutu Hajiya tana ɗaki tana barcin rana. Sau huɗu na ajiye biro na je bakin ƙofa na kasa kunne. Numfashi ne kawai, yana shiga yana fita.